Sayen gida a rukunin gidaje mai katanga: me doka ta ce ka saya?

Wanda ya bi ta Lokogoma, Lugbe ko Karsana a Abuja zai ga rukunin gidaje jere da juna, kowanne da katangarsa, ƙofa ɗaya da masu gadi. Dillalai kan ce "zo ka mallaki naka". Sai dai a dokar Najeriya babu mai sayen ƙasa ɗungurungum. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka kuma ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Abuja kuwa ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, ministan birnin ne yake rabawa. Abin da mutum ke samu izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, takardar shaidarsa kuma ita ce ake kira C of O.

A rukunin gidaje lamarin yana da hawa biyu. Gwamnati kamfani ta ba wa babban fili, sunan kamfanin ne a kan uwar takarda. Shi ne ya yanka fulotai, ya gina, ya sayar maka. Saboda haka takardarka reshe ce a jikin tasa: idan uwar takardar jabu ce, ko an soke ta, ko kamfanin ya jinginar da ita a banki ya karɓi bashin gini, duk wannan zai biyo ka har falonka. Shekarun ma ba daga ranar da ka biya kuɗi suke farawa ba. In an ba kamfanin filin a 2005 kai kuma ka saya a 2025, ragowar wa'adinsa ka saya.

Mafi yawan masu saye rasit da takardar rabon fuloti kawai suke riƙewa, wadda kamfani ya buga a kan takardarsa mai tambari. Wannan shaida ce cewa ka biya, za ta yi maka amfani a kotu idan kuka yi rigima da kamfanin, amma ba ta sa sunanka a rajistar gwamnati ba. Sashe na 22 na dokar ya hana mai riƙe da izinin zama ya sayar, ya jinginar ko ya yanka wa wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jingina ta rushe don ba a nemi amincewar ba. Hanyar da doka ta sani ita ce lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa haƙƙi, a nemi amincewar gwamna ko minista, a biya harajin hatimi, a yi rajista.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a Abuja: don gudun kuɗin amincewa da jira, sai mai sayarwa ya ba mai saye takardar wakilci da ba a warwarewa. A ganina wannan arha ce mai tsada. Kotun Ƙoli ta faɗa a 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na yin aiki a madadin wani. Ranar da mai sayen ya rasu aka zo rabon gado, magadansa ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Kafin kobo ya fita daga hannunka, a je ofishin filaye a binciki uwar takardar: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano. Lauyanka ne zai je, ba na kamfani ba. A duba sunan da ke kai, ko akwai jingina, ko ana bin filin harajin shekara-shekara, da kuma abin da aka ware shi dominsa. A Abuja a kula da filin da aka ce ƙaramar hukuma ko wani hakimi ne ya bayar, domin kotu ta sha faɗa cewa minista kaɗai ke da ikon rabon fili a can. A kuma nemi ganin amincewar zanen gini daga sashen kula da gine-gine. Katanga ba ta tare katafila. Ko da gwamnati ta karɓe fili bisa ƙa'ida don amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini da abin da aka kashe a kai ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Wanda ya yi gini babu izini kuwa da wuya ya ga ko wannan.

Sai dokokin cikin gida, waɗanda mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba. Yarjejeniyar na iya hana ka ƙara ɗaki, buɗe shago a ƙofar gida, sauya fentin waje ko ɗaure ragon layya a bakin titi, kuma tun da ka sa hannu, kotu za ta riƙe ka a kai. Haka kuɗin hidima na gadi, shara, ruwa da janareta. A tambaya tun da wuri: wa yake ƙayyade shi, wa yake binciken asusun, yaushe kamfani zai miƙa ragama ga ƙungiyar mazauna, kuma me za a yi wa wanda ya gaza biya? Rigingimun rukunin gidaje da yawa daga nan suke tashi.

Wajen biya, a bi ta banki zuwa asusun kamfanin da ka tabbatar da rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba asusun wani ma'aikaci ko dillali ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biyan tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 a hannu, kamfani kuma miliyan 10.