Kamioka, tsohon garin ma'adinai a Japan

Kamioka tsohon gari ne a gundumar Yoshiki ta lardin Gifu, a tsakiyar tsibirin Honshu na ƙasar Japan. Yana cikin kwarin kogin Takahara, tsaunuka sun kewaye shi. An kafa shi a 1950 bayan haɗe garin Funatsu da ƙauyuka biyu na maƙwabta. Ranar 1 ga Fabrairu 2004 shi ma aka haɗe shi da garin Furukawa da ƙauyukan Kawai da Miyagawa, aka samar da birnin Hida. Lokacin gwamnatin Japan na ta ƙarfafa irin wannan haɗaka, domin matasa sun watse zuwa birane, kuɗin shigar ƙananan hukumomi kuma ya ja baya. Yawan ƙananan hukumomin ya sauko daga sama da 3,200 a 1999 zuwa wajen 1,700 a 2010.

Arzikin garin da baƙin jininsa duk daga rami ɗaya suka fito. Mahaƙar Kamioka, wadda kamfanin Mitsui ya gudanar, ta daɗe tana cikin manyan wuraren haƙar tutiya da dalma a ƙasar. Amma dattin da take zubarwa, mai ɗauke da sinadarin kadmiyam, ya bi ruwa ya shiga kogin Jinzu har gonakin shinkafa na lardin Toyama. Mutanen can, galibi mata, suka kamu da cutar itai-itai mai lalata ƙoda da raunana ƙashi. Sai a 1968 gwamnati ta amince cewa gurɓata muhalli ce sanadin, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar wa majinyata nasara a 1972. An daina haƙa a 2001.

Tun kafin nan masana kimiyya sun ga amfanin ramin. A zurfin kusan mita 1,000 ƙarƙashin dutsen Ikeno aka gina na'urar Kamiokande a 1983, sannan Super-Kamiokande a 1996, wato ƙaton tanki mai ɗauke da tan 50,000 na tataccen ruwa, don gano ƙwayoyin nutrino, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani waɗanda ke ratsa kusan komai. Binciken da aka yi a nan ya kai Masatoshi Koshiba ga lambar Nobel a 2002, Takaaki Kajita kuma a 2015.

Jirgin ƙasan Kamioka ya daina aiki a 2006. Yanzu masu yawon buɗe ido ne ke tuƙa kekuna a kan tsohon layin dogon.