Kan sarkin wucin gadi na lokacin yaƙi

Kan sarkin wucin gadi na lokacin yaƙi shi ne wanda gidan waya ke fitarwa cikin gaggawa idan yaƙi ya datse hanyar da na ainihi ke zuwa, ko kuma idan sojoji suka ci wata ƙasa suka karɓi gidajen wayarta. Tara irinsa, haɗe da ambulan ɗin da aka manna shi a kai, reshe ne na sha'awar tara kan sarki. Ba a buga shi da yawa, ba ya kuma daɗewa ana aiki da shi, shi ya sa wasu nau'o'insa ke da wuyar samu. Da yake kuma aikin sauri ne, yana da sauƙin yi wa jabu.

Yadda ake samar da shi

Hanyar da aka fi bi ita ce ƙarin bugu. A ɗauko kan sarkin da aka tarar a ajiye, ko da na abokan gaba ne, a danna masa sunan sabuwar hukuma da sabon farashi. Inda babu na ajiye sai a buga sabo da abin da ya sawwaƙa. A garin Mafeking na Afirka ta Kudu, wanda aka yi wa ƙawanya daga Oktoba 1899 zuwa Mayu 1900, da dabarar wankin hoto aka yi kan sarki mai launin shuɗi: na kwabo ɗauke da wani yaro ɗan aike a kan keke, na taro kuma da hoton kwamandan garin, Baden-Powell. A jihohin kudancin ƙasar Amurka a 1861, lokacin yaƙin basasarta, shugabannin gidajen waya na garuruwa da dama kowa ya yi nasa, kafin gwamnatin 'yan tawaye ta fitar da nata a watan Oktoba. Idan abin ya ta'azzara, kan sarkin ma ba ya samuwa. Ma'aikaci ya karɓi kuɗi ya buga hatimin da ke nuna an biya.

Togo da Kamaru

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar irin wannan kan sarki a maƙwabtanmu. Jamusawan Togo sun miƙa wuya a ƙarshen Agusta 1914, sai Ingila da Faransa suka yi ƙarin bugu a kan kan sarkin Jamus mai hoton jirgin ruwan sarkinsu, kowacce da harshenta. A Kamaru, bayan an kama Duwala a Satumba 1914, an fitar da irin wannan mai jirgi a 1915 da haruffa "C.E.F.", wato sunan rundunar da ta shiga ƙasar a taƙaice, aka kuma mayar da farashin kuɗin Ingila: mafi ƙanƙanta ya zama ɗari, wato rabin kwabo, mafi girma sule biyar. Haruffan da hannu aka jera su, saboda haka a wasu ƙwayoyi na sule harafin "s" ya fito a kife. Wannan kuskuren na maɗaba'a shi ne yau masu tarawa ke rububi.

Sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi, daga Garwa da ta faɗi a Yuni 1915 har Dutsen Mora da bai sallama ba sai Fabrairu 1916. A Yaƙin Duniya na Biyu ma Kamaru ta sake yin ƙarin bugu, mai ɗauke da kwanan wata 27.8.40, ranar da ta koma ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus.

Biyafara

A Nijeriya kanta, babban misali shi ne na yaƙin basasa. An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, amma gidajen wayar yankin suka ci gaba da aiki da kan sarkin Nijeriya har ya yi ƙaranci, daga nan suka koma hatimin "an biya". Sai ranar 5 ga Fabrairu 1968 Biyafara ta fitar da nata guda uku, na kwabo biyu, na kwabo huɗu da na sule, waɗanda aka buga a Fotugal. A watan Afrilu aka ɗauko jerin nan na namun daji da Nijeriya ta fitar tun 1965, mai giwa da damisa da raƙumin dawa da dorina da ɓauna, aka danna wa nau'i 13 tambarin Biyafara da rubutun "SOVEREIGN BIAFRA". Wannan shi ne na wucin gadi na haƙiƙa: takardar ta Tarayya ce, sunan da ke kai na masu ɓallewa.

Abin da ya biyo baya sai a yi hattara da shi. An yi jeri mai malam-buɗe-littafi, an yi na wasannin Olamfik na Meziko, an yi na ziyarar Fafaroma a Afirka. Yankin da yunwa ta yi wa katutu ba shi da buƙatar waɗannan don aika wasiƙa. Akasari don masu tarawa na ƙasashen waje aka yi su, a samu kuɗin ƙetare. Shi ya sa sababbinsu, waɗanda ba a taɓa mannawa ba, suke da yawa a kasuwa har yau. Wanda ke da wuya shi ne ambulan da ya yi tafiya da gaske a cikin yankin kafin Janairu 1970, da hatimin gari da kwanan wata. Biyafara ba ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ba, kuma ƙasashe biyar kacal suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti.

Abin da Kaduna ke da shi

Yaƙi bai taɓa datse Kaduna har ta buƙaci kan sarkin kanta ba. Rabonta a wannan fage ambulan ne. Garin tun asali na soja ne, tun kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, kuma a nan Runduna ta Ɗaya ta sojan Nijeriya take, wadda ta kama Inugu a Oktoba 1967. Saboda haka a tsofaffin gidajen soja, cikin adakar kaka ko tsakanin takardun fansho, ana iya cin karo da wasiƙun bakin daga, har da na sojan Bama, waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Wasiƙar sojan Bama sau da yawa ba ta da kan sarki sam, domin soja a fagen fama ba ya biyan kuɗin aike. A goshin ambulan za a ga "On Active Service", a gefe hatimin hafsan da ya tace wasiƙar da sa hannunsa, sai hatimin gidan wayar soja mai lamba a maimakon sunan gari, don kada abokan gaba su gane inda rundunar take. Wasiƙar farar hula kuwa, idan an buɗe ta, sai a liƙe bakin da takarda mai rubutun "Opened by Examiner". A baya kuma akan samu hatimin garuruwan da ta ratsa. Wanda bai sani ba sai ya ga ambulan babu kan sarki ya jefar, ko ya ga mai kan sarki ya ɓanɓare shi ya yar da sauran. Duka biyun asara ce, don ambulan ne ke shaida cewa kan sarkin ya yi aiki, da ranar da ya yi, da hanyar da ya bi.

Jabu da adanawa

Ƙarin bugu ba ya buƙatar komai sai haruffa da tawada, don haka mai jabu kan sayi kan sarki na gaske mai araha ya danna masa rubutun. Masana na gwada tsawon rubutun da tazarar layuka, su duba ko hatimin gidan waya ne a saman ƙarin bugun ko ƙarin bugun ne ya hau hatimi. Idan na biyun ne, an yi shi ne bayan wasiƙar ta gama tafiya. A kan ambulan kuma ana duba ko kuɗin da aka manna ya yi daidai da farashin aike na lokacin. Kundayen Stanley Gibbons da Scott da Michel su ne madogara wajen sanin nau'o'i, Royal Philatelic Society ta Landan na ba da takardar shaidar inganci, West Africa Study Circle kuma ƙungiya ce da ta duƙufa kan tarihin gidan waya na yankinmu.

A Kaduna laimar damina ce babbar matsala: tana jiƙa gam ɗin bayan kan sarki ya manne da takarda, ta kawo fumfuna da ɗigo-ɗigon tsatsa. Hunturu kuma ya busar da takarda ta riƙa karyewa a wajen ninki, ga gara da kyankyaso. Ana ɗaukar kan sarki da hantsaki mai faɗin baki, ba da yatsa ba, a ajiye kundin a tsaye nesa da bango da ƙasa. Ba a sa wa tsohon ambulan salatif, ba a kuma kai shi shagon kwafi a rufe shi da roba mai zafi yadda ake yi wa takardun makaranta, domin wannan ba ya warwaruwa.