Me ake nufi da gas bulok a bindiga?

Bindigar da ke ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, irin su AR-15 da Eugene Stoner ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950, sau da yawa da ƙarfin hayaƙinta take aiki. Idan albarushi ya kama, iskar gas mai zafi ce ke tura harsashi cikin bututu. A jikin bututun akwai wata 'yar huda, kuma a kanta ake ɗaura wani guntun ƙarfe, shi ne gas bulok. Aikinsa ya tari kaɗan daga gas ɗin ya mayar da shi baya, ya tura ƙarfen da ke fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi.

Matsalar ita ce idan gas ɗin da ke komawa baya ya yi yawa. Sai bindiga ta riƙa dukan kafaɗa fiye da kima, kayan ciki su riƙa cin juna, hayaƙi ya riƙa bugun fuskar mai harbi har idonsa ya yi ruwa, musamman in ya sa salansa, wato abin rage ƙarar harbi, don salansa kan riƙe gas ɗin ya koma baya. Maharban Amurka da kwanso suke gane hakan: in yana faɗawa gaba-gaba maimakon gefen dama, sun san gas ya wuce gona da iri.

Shi ya sa aka ƙera gas bulok mai saiti. Wani da sukuru ake matse hanyar, kamar yadda makanike ke saita kabureta a babur. Wani kuma ba ya matsewa, sakin rarar yake yi ta fice waje. Dabarar ba sabuwa ba ce: FN FAL ta Beljiyam, wadda sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa, tana da zoben da ake murɗawa a rage ko a ƙara gas.

A ganina, abin da masu son saiti kan manta shi ne, rarar nan da gangan ake barinta. AK-47 gas ɗinta ya fi buƙata, shi ya sa ƙura da laka ba sa hana ta aiki cikin sauƙi. Wanda ya matse nasa daidai wa daida a ranar da bindiga take tsaf, ranar sanyi ko ta datti kwanso zai iya maƙale masa, sai ya ja da hannu.