Jinin mutum: yadda za ka gane ta a cikin yashi

Wace ciyawa ce ake kira jinin mutum?

Ƙaramar ciyawa ce mai shekara ɗaya: ta tsiro bayan ruwa, ta yi fure, ta zubar da iri, ta bushe. A kimiyyance Arnebia hispidissima take, daga dangin Boraginaceae. Tana son yashi, tana fitowa daga arewacin Najeriya da Nijar har Sudan, Masar, ƙasashen Larabawa da Indiya. Dalziel, wani Baturen masanin tsirrai, ya rubuta wannan sunan nata a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Da me ake fara gane ta?

Da hannu, tun kafin ido. Kara da ganye duk farin gashi ne mai tauri, kana shafawa yana sukar yatsa. Rassanta daga gindi suke bazuwa, ba ta kai gwiwa ba. Furen rawaya ne, ɗan siririn bututu mai leɓe biyar, a jere a gefe ɗaya na reshe. In ya bushe, ka duba cikin kwanonsa: 'ya'ya huɗu ne ƙanana masu tauri, alamar dangin ke nan.

To, ina jinin yake?

A ƙasa. Tone ta a hankali, ka kankare saiwar da farce. Ja ce wur, kuma za ta rina maka yatsa kamar ka yanke. Ni dai ban ga hujjar da ta fi wannan ba. Launin ya fi narkewa a mai fiye da ruwa, shi ya sa in ka murza saiwar da ɗan man gyaɗa yake fitowa sosai.

Da wa ake rikita ta?

Da walkin tsoho, wato Trichodesma africanum. Shi ma ƙaiƙayi gare shi, amma ya fi tsayi, furensa fari ne ko shuɗi-shuɗi. Sai kalkashin ƙorama, mai furanni ƙanana a murɗe kamar wutsiyar kunama, wanda ya fi son damshin bakin rafi.

Ana sha a matsayin magani?

Kar a yi gangancin haka. Da yawa a wannan dangi suna ɗauke da guba mai cin hanta a hankali, ba a jin ta ranar da aka sha.