Waiwaye: Yadda Auna Cikar Teku Ya Koma Aikin Ceton Rai

A yawancin gaɓoɓin duniya ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25. Masunta da matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin cewa cikar takan fi ƙarfi wajen tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, tun kafin Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa jan da wata da rana ke yi wa ruwa ne sanadi. Abin da ya zo daga baya shi ne auna tsayin ruwan da rubuta shi kullum ba fashi, kuma waɗanda suka fara wannan aiki hankalinsu ya fi karkata ga shigar jirage tasha da gina madatsu da fitar da taswira.

A Amstadam, a 1683 da 1684, magajin gari Johannes Hudde ya sa aka riƙa auna cikar ruwa kullum, aka fitar da matsakaicinta, aka kafa duwatsu masu alama a jikin madatsun birnin. Daga nan aka samo mizanin da ƙasar Holan ke auna tsayin ƙasa da shi har yau. A tashar Brest ta Faransa akwai bayanan da suka faro tun 1711. A wancan zamani kayan aikin bai wuce sanda mai zane-zane da aka kafa a jikin bango ba, sai mutum ya zo ya duba ya rubuta, ko da tsakar dare ne.

A 1831 aka kafa na'ura mai rubuta tsayin ruwa da kanta a Sheerness, a bakin Kogin Thames na Ingila. Ana gina wata 'yar rijiya a bakin tasha, a bar mata ƙaramar kafa daga ƙasa, ta yadda ruwan teku zai shiga a hankali ba tare da igiyoyi sun girgiza shi ba. A cikin rijiyar akwai wani ƙarfe mai iyo, an ɗaure shi da waya zuwa ga alƙalami, alƙalamin kuma yana bisa takardar da aka naɗe a jikin ganga wadda agogo ke juyawa. Idan ruwa ya hau alƙalami ya hau, idan ya sauka ya sauka, sai a wayi gari takardar ta cika da layi mai hawa da gangara. Ma'aunin San Francisco na Amurka yana aiki tun 1854. Da irin waɗannan bayanai suka taru, William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya ƙirƙiro a shekarun 1870 injin da ke lissafa cikar ruwan wata tasha tun kafin shekara ta kama.

Sai dai jadawalin cikar ruwa lissafin wata da rana kawai yake yi, ba ruwansa da hadari. Idan nauyin iska ya ragu a tsakiyar guguwa ruwan teku yakan ɗaga, sannan iska mai ƙarfi ta tunkuɗo shi zuwa gaɓa, musamman inda teku ba ta da zurfi. Idan wannan tunkuɗowa ta dace da babbar cika, to nan ne ake shiga uku.

Haka ta faru a daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953 a Tekun Arewa. Mutum 1,836 suka mutu a Holan, 307 kuma a gabashin Ingila. Abin takaicin shi ne ma'aunai suna nan suna aiki, masu hasashen yanayi kuma sun ga alamar haɗari. Ranar Asabar ce da dare, ofisoshi a kulle, gidajen rediyon Holan ba sa watsa shiri da dare, saboda haka gargaɗin bai kai ga mutanen da ke barci a bayan madatsu ba. A Ingila ruwan ya ɗauki sa'o'i yana gangarowa daga arewa zuwa kudu, yana cin gari bayan gari, amma babu tsarin da zai sa waɗanda ruwa ya fara ci su sanar da na gaba. A ganina wannan dare ne ya raba tarihin gida biyu, domin daga nan aka daina kallon ma'aunin ruwa a matsayin kayan aikin tashar jirage kawai. Birtaniya ta kafa sashen gargaɗin tunkuɗowar ruwa, daga baya ta gina shingen Kogin Thames da ya fara aiki a 1982. Holan ta shiga gagarumin aikin madatsu na Delta, ta kuma ɗauki tsoffin bayanan ma'aunai ta yi lissafin yiwuwar kowane tsayin ruwa, har ta ƙayyade cewa madatsun da ke kare tsakiyar ƙasar su iya jure ruwan da ake tsammanin zuwansa sau ɗaya a shekara 10,000.

Bangaladash ta bi wata hanya, domin ba ta da kuɗin irin waɗannan gine-gine. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970, lokacin yankin yana Gabashin Pakistan, ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kuma kimanin 138,000. Abin da ƙasar ta mayar da hankali a kai shi ne dubban 'yan sa-kai masu bi ƙauye-ƙauye da lasifika da tutoci, da kuma mafakai na kankare da aka ɗora a kan ginshiƙai, waɗanda da yawansu makarantu ne a sauran kwanaki. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan 2, kuma waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai ɗari ba.

Tsoffin takardun nan sun kuma yi wani amfani da masu rubuta su ba su zata ba. A 1933 aka kafa cibiyar tattara bayanan matsakaicin tsayin teku a Liverpool, kuma da aka jera bayanan tashoshi da yawa sai aka ga matsakaicin kansa yana hawa. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce teku ta ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin hawan ya tashi daga milimita 1.3 a shekara kafin 1971 zuwa milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Dalilan su ne ruwa yana kumbura idan ya yi ɗumi, ƙanƙarar da ke kan ƙasa kuma tana narkewa tana kwarara cikinsa. Tun 1992 da aka harba tauraron ɗan'adam na TOPEX/Poseidon ake auna tekun duniya daga sama, abin da ma'aunin bakin tasha ba zai iya ba.

Duk da haka tauraron bai kori ma'aunin tasha daga aiki ba, saboda ƙasar da mutane ke zaune a kai ita ma motsi take yi. A 1731 masanin kimiyya Anders Celsius ya sa aka sassaƙa alama a jikin wani dutse a gaɓar Suwidin, yana zaton teku ce ke raguwa, alhali ƙasar ce ke ɗagawa tun bayan da nauyin ƙanƙarar zamanin da ya sauka daga kanta. A wasu wurare akasin haka ake gani. Wasu unguwannin Tokyo sun nutse da kusan mita 4 a ƙarni na 20 saboda zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai da aka taka wa abin burki nutsewar ta tsaya, arewacin Jakarta kuwa har yanzu yana sauka da santimita da yawa a kowace shekara. Mai gida a irin wannan unguwa, abin da ya dame shi shi ne tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin ƙofarsa, kuma ma'aunin da ke kafe a garinsa ne ke nuna wannan. Shi ya sa ake haɗa sababbin ma'aunai, waɗanda yawanci da rada suke auna ruwa daga sama, da na'urar GPS mai bibiyar motsin ƙasar kanta. Mafi yawan dogayen bayanai a Turai da Arewacin Amurka suke, gaɓoɓin Afirka da na ƙananan tsibirai kuwa suna da giɓi mai yawa, kuma shekarun da ba a auna ba ba a iya komawa a auna su.

A birnin Venice na Italiya, inda teku ke hawa ƙasa kuma ke sauka, ruwa ya kai santimita 194 bisa mizanin birnin ranar 4 ga Nuwamban 1966, ya kai 187 ranar 12 ga Nuwamban 2019. Idan hasashe ya nuna babbar cika na tafe, ana busa jiniya a unguwanni, ana aika saƙo ta waya, 'yan kasuwa su ɗage kaya su sa allunan tare ruwa a ƙofa. Ranar 3 ga Oktoban 2020 aka fara ɗaga ƙofofin shingen MOSE, wanda ke toshe mashigan ruwan teku zuwa birnin, don tare wata babbar cika, kuma kafin a ba da umurnin ɗaga su sai an duba hasashe da abin da ma'aunan bakin teku ke nunawa.