Ma'anar Ma'aunin Ci Gaban Ɗan'adam, da Abin da Yake Faɗa Game da Ƙasashe Maƙwabta

Duk lokacin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ci gaban ɗan'adam ya fito, sai jaridu su ɗauki jerin ƙasashe suna yayatawa: wannan ta hau, waccan ta faɗo. Inda gardama ta fi zafi shi ne idan ƙasashe biyu masu iyaka ɗaya da yanayi iri ɗaya, wani lokaci ma da tarihi ɗaya, suka yi wa juna nisa a jerin. Mutanen wadda aka bari a baya su ce an yi musu rashin adalci, na ɗayar kuma su yi ta tinƙaho. Kaɗan ne cikin masu gardamar suka san abin da aka auna. Sunansa Ma'aunin Ci Gaban Ɗan'adam, ana taƙaita shi da haruffan HDI, kuma ya kamata a san shi da kyau, domin yana cikin hanyoyi ƙalilan da rayuwar talaka ke shiga lissafin masana.

Kafin a ƙirƙiro shi, abin da ake dogara da shi wajen kwatanta ƙasashe shi ne GDP, wato jimillar darajar kayayyaki da ayyukan da ƙasa ta samar a shekara. Idan aka raba jimillar da yawan jama'a, sai a sami kason kowane mutum. Matsalar a bayyane take. A ce mutum 10 ne, 9 daga cikinsu kowanne yana samun dala 1,000 a shekara, na goman yana samun dala 91,000. A takarda kason kowannensu dala 10,000 ne, alhali babu ko ɗaya cikin taran da ya taɓa riƙe irin wannan kuɗi. Simon Kuznets, masanin da ya tsara lissafin kuɗin shigar ƙasa a Amurka, ya yi wa majalisar dokokin ƙasar gargaɗi tun a 1934 cewa da wuya a gane walwalar al'umma daga wannan lissafi. An karɓi lissafinsa hannu bibbiyu, an yi watsi da gargaɗin.

Wanda ya ɗauki gargaɗin da muhimmanci shi ne Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan. A shekarun 1960 yana cikin manyan masu tsara manufofin ƙasarsa, lokacin da ake yabon Pakistan saboda saurin bunƙasar tattalin arzikinta. A 1968 ya fito fili ya ce iyalai 22 kacal ne ke riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na masana'antun ƙasar da mafi yawan bankunanta. Ya ga da idonsa yadda alƙaluma ke hawa, talaka yana nan inda yake. Bayan shekaru, tare da abokinsa Amartya Sen ɗan Indiya, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a 1998, suka samar da wannan ma'auni, Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fara wallafa shi a 1990. Da farko Sen bai so a cusa rayuwar ɗan'adam cikin lamba ɗaya ba. Haq ya nace cewa shugabanni ba sa sauraron dogon bayani, lamba ɗaya suke kallo, don haka sai an ba su wata lambar da za ta yi gogayya da GDP. A ganina Haq ya yi gaskiya, kuma Sen ma bai yi kuskure ba, za mu zo kan wannan.

Abu uku ma'aunin yake haɗawa. Na farko tsawon rai: shekarun da ake sa ran jaririn da aka haifa yau zai yi a duniya. Wannan lamba ɗaya tana ɗauke da abubuwa da yawa, domin mutuwar jarirai, mutuwar mata wajen haihuwa, ruwan sha, rigakafi da tamowa duk suna bayyana a cikinta. Na biyu ilimi, ana duba matsakaicin shekarun da manya masu shekara 25 zuwa sama suka yi a makaranta, da kuma shekarun da ake sa ran yaron da ke fara karatu zai yi. Na uku kuɗin shigar ƙasa bisa kowane mutum, bayan an daidaita shi da abin da kuɗin ke iya saya a kowace ƙasa. Kowanne ana mayar da shi maki tsakanin 0 da 1. Ƙasar da ta kai 0.800 tana rukunin ƙoli, daga 0.700 babban rukuni, daga 0.550 matsakaici, abin da ya gaza haka kuwa rukunin ƙasa.

Akwai hikima biyu a cikin lissafin da ba kowa ke lura da su ba. Ɗaya ita ce ƙimar kuɗi tana raguwa yayin da yake ƙaruwa: ƙarin dala 1,000 ga ƙasar da kason mutum yake dala 2,000 yana ɗaga makinta sosai, amma ga wadda take da dala 50,000 kusan bai motsa komai ba. Ɗayar kuma, tun daga 2010 aka canza yadda ake haɗa makin uku ta yadda ƙarfi a ɓangare ɗaya ba zai rufe rauni a wani ba. Rijiyoyin mai ba za su ɓoye makarantun da babu malamai ba.

Ikwatoriyal Gini ta nuna haka ƙarara. Bayan an gano man fetur mai yawa a tekunta a tsakiyar shekarun 1990, kason kowane mutum ya yi tashin gwauron zabi, har a wajen 2012 ya ninka na maƙwabciyarta Kamaru fiye da sau 10. Amma a yau tsawon rai a ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, shekara 60 da 'yan kai. Kuɗin ya shigo ƙasar da mutum ɗaya, Teodoro Obiang, ke mulka tun 1979, bai kuma rikiɗe ya zama ƙarin shekarun rayuwa ga jama'a ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Bangaladash da Pakistan, ƙasar Haq kansa. Har zuwa 1971 ƙasa ɗaya ce, kuma ɓangaren gabas da ya zama Bangaladash shi ne ya fi talauci. Ya fito daga mummunar guguwar 1970 ya faɗa yaƙin ɓallewa, daga nan kuma yunwar 1974. A lokacin ba masana da yawa ne suka ɗauka za ta kai labari ba. Yau ɗan Bangaladash yana sa ran haura shekara 70, ɗan Pakistan kuwa bai kai nan ba. Yawan yaran da ke mutuwa kafin cika shekara 5 a Bangaladash kusan rabin na Pakistan ne. Bangaladash tana rukunin matsakaici, Pakistan tana rukunin ƙasa a rahotannin baya-bayan nan.

Ruwa ba ya tsami banza. A Bangaladash, ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta bi gida-gida a shekarun 1980 tana koya wa iyaye mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari don ceton yaro mai gudawa, kuma gudawa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara a wancan zamani. Gwamnati ta ɗauki mata ma'aikatan lafiya suna shiga ƙauyuka da rigakafi da tsarin iyali. A 1994 aka faɗaɗa tallafin kuɗi ga 'yan matan karkara da ke makarantar sakandare. Masana'antar ɗinkin tufafi, wadda ke kawo sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa, ta ba miliyoyin mata albashin kansu. Abin lura a nan shi ne, rayuwar jama'a ta fara gyaruwa tun ƙasar tana bayan Pakistan a kuɗi, sai daga baya kuɗin ya biyo. Wanda ya tsaya kan GDP kaɗai da bai ga wannan sauyi ba sai bayan shekaru masu yawa. Ba na cewa komai lafiya lau ne. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta ya kashe ma'aikatan ɗinki sama da 1,100, kuma babu wani gurbi a ma'aunin da ke tambayar halin da ma'aikaci yake aiki a ciki.

Haiti da Jamhuriyar Dominika suna zaune a tsibiri ɗaya, kuma a wajen 1960 kason mutum a cikinsu kusan daidai yake. Yanzu na Dominika ya ninka na Haiti fiye da sau 5, tazarar tsawon rai kuma ta kusa shekara 10. A nan tarihi yana da nauyi: diyyar faran miliyan 150 da Faransa ta ɗora wa Haiti a 1825, mulkin gidan Duvalier daga 1957 zuwa 1986, girgizar ƙasar 2010, da kisan shugaba Jovenel Moïse a 2021. Ma'aunin yana nuna girman ramin, amma ba ya faɗin wanda ya haƙa shi.

Botswana kuma ta koyar da wani darasi dabam. Ta sami 'yancin kai a 1966 tana cikin mafi talaucin ƙasashen duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, gwamnatin Seretse Khama ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin De Beers wadda ta ba ƙasar kaso mai tsoka, aka zuba kuɗin a hanyoyi da makarantu da asibitoci. Maƙwabciyarta Zimbabuwe, wadda ta fi ta masana'antu da gonaki, ta kai ga buga takardar kuɗi ta dala tiriliyan 100 bayan hauhawar farashin 2008. Amma a ƙarshen shekarun 1990, tattalin arzikin Botswana yana ta haɓaka, cutar ƙanjamau tana ta ɗauke matasa, har tsawon rai ya faɗo zuwa kusan shekara 50. GDP bai nuna alamar komai ba, makin HDI ne ya yi ƙasa. A 2002 gwamnati ta fara raba maganin rage kaifin cutar kyauta, tsawon rai ya dawo ya haura 60.

Yanzu mu koma kan fargabar Sen. Ma'aunin nan hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Shi ma matsakaici ne, don haka yana iya haɗa babban birni mai asibitoci da yankin da babu ko ungozoma ya ba su maki ɗaya. Saboda haka ne a 2010 aka ƙaro wani nau'insa da ke rage maki gwargwadon rashin daidaito a cikin ƙasa, kuma ƙasashe irin Botswana suna asarar kaso babba idan aka yi wannan gyara. Yana ƙirga shekarun zama a aji, ba ya tambayar ko yaron ya iya karatu. Ba ya auna tsaro, ba ya auna 'yancin faɗar albarkacin baki. Rahoton 2010 ya sa Tunisiya cikin ƙasashe 10 da suka fi saurin ci gaba tun 1970, a watan Disamban shekarar kuma jama'arta suka fito kan titi suka kori shugabansu cikin makonni. Siri Lanka ta daɗe tana gaban Indiya da Pakistan a ilimi da lafiya, amma a 2022 ta kasa biyan bashin da ake bin ta a waje, mutane suka kwana a layin man fetur, makinta kuwa bai yi wani motsin kirki ba, domin tsawon rai da shekarun karatu abubuwa ne masu tafiyar hawainiya.

Akwai kuma batun ingancin alƙaluman kansu. A ƙasashe da dama masu tasowa ba a yi wa yawancin haihuwa da mutuwa rajista, don haka tsawon rai ƙiyasi ne da ake ciro shi daga ƙidayar jama'a da binciken gidaje, wani lokaci ƙidayar ma ta tsufa. Lissafin kuɗin ma yana iya sauyawa dare ɗaya: a 2010 Ghana ta sabunta hanyar lissafinta, sai GDP ɗinta ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 ba tare da aljihun kowa ya ƙara nauyi ba. Shi ya sa idan ƙasashe biyu maƙwabta suka bambanta da mataki 3 ko 4 a jerin, bai kamata a ɗaga jijiyar wuya a kai ba. Tazarar da ke da ma'ana ita ce irin ta shekara 6 ko 10 a tsawon rai, ko wadda ta ci gaba da faɗaɗa tsawon shekaru 20.

Mai son amfana da rahoton ya wuce lambar farko ya duba ginshiƙan da ke gefenta, na tsawon rai, na karatu, na kuɗi, kowanne shi kaɗai. A teburin farko akwai wani ginshiƙi kusa da ƙarshe da jaridu ba kasafai suke kawowa ba: ana ɗaukar matsayin ƙasa a jerin kuɗin shiga a cire matsayinta a jerin HDI. Idan sakamakon ya fito sama da sifili, ƙasar ta fi ƙarfin aljihunta wajen kula da mutanenta, kamar yadda ake yawan gani ga Siri Lanka. Idan ya yi ƙasa da sifili sosai, kamar na Ikwatoriyal Gini, to kuɗi ya shigo, kuma 'yan ƙasar suna da hujjar tambayar gwamnatinsu inda ya tafi.