"Midiyam fomat" girman fim ne, ba darajar kyamara ba

Tun da matasa suka koma sha'awar hoton fim, kalmar "midiyam fomat" ta cika Instagram da TikTok. Wanda duk ya tono tsohuwar kyamara daga adakar kakansa sai ya laƙaba mata wannan suna, 'yan gwanjo kuma sun gano kalmar tana ƙara wa kaya kuɗi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da ake yi mata, wai kyamara ce "matsakaiciya", ta fi ta 'yan koyo amma ba ta kai ta ƙwararru ba. Sam. Matsakaicin da ake nufi girman nagatif ne, wato fim ɗin da hoto ke sauka a kansa. Ƙaramin shi ne na milimita 35, mai hoto 24 da 36. Babban shi ne na falle-falle, irin wanda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, irin wanda Seydou Keïta ya yi suna da shi a Bamako. Na tsakiyarsu shi ne namu, kuma da shi mai hoton Mali Malick Sidibé ya yi aiki da kyamarar Rolleiflex a situdiyonsa, da dangin wannan fim kuma kyamarar Hasselblad ta je duniyar wata a 1969. Wa zai kira wannan kayan 'yan koyo?

Ruɗanin da ya fi yin ɓarna yana cikin lambar nan 120. Za ka ji ana cewa "fim mai milimita 120", har a tallan masu sayarwa. Faɗinsa kusan milimita 61 ne kacal. Lambar jeri ce kawai ta kamfanin Kodak, wanda ya fito da fim ɗin a 1901 domin Brownie mai lamba 2, akwatin kwali mai arha da aka yi don yara da iyalai. Ba shi da gwangwani. An naɗe shi a jikin ƙwarya irin ta zare tare da doguwar takarda mai tare haske, a bayan takardar kuma an buga lambobi. Wannan jar tagar da kake gani a bayan tsofaffin kyamarori, ta nan ake leƙa lambar a san inda za a tsaya da murzawa. Kuma naɗi ɗaya ne, kyamara ce ke yanke yawan hoton gwargwadon girmansa a santimita: 6×4.5 ta ba ka 15 ko 16, 6×6 ta ba ka 12, 6×7 irin Mamiya RB67 ta ba ka 10, 6×9 kuwa 8. Hoton 6×6, wanda a zahiri milimita 56 ne kowane gefe, ya ninka na 35 sau uku da rabi da ɗoriya. Shi ya sa a tsohon hoton situdiyo kake iya bin aikin aska takwas a wuyan riga zare-zare.

Ga magaji, nan ne fahimtar kalmar ke rana. A farkon shekarun 1930 Kodak ya fito da 620, fim ɗaya sak da 120 amma a siririyar ƙwarya, ya kuma daina yin sa a 1995. Idan kyamarar da ka gada ta 620 ce, naɗin 120 ba lallai ya shiga ba, sai an sake naɗe shi a ƙwaryar 620 cikin duhu. Duba cikin murfin baya, sau da yawa an rubuta lambar. Amma kafin ka buɗe, leƙa jar tagar ko ma'aunin ƙirga. In akwai lamba, da fim a ciki. Murza shi har ƙarshe, ka cire a inuwa, ka liƙe bakin takardar, ka kai wanki. Ana samun hotunan da suka shekara talatin a naɗe su fito, kuma buɗewa ɗaya cikin haske ta isa ta ƙone su. Ƙwaryar da babu komai a jikinta, kada ka yar, a kanta sabon fim zai naɗu.

Ni dai ban gamsu da yadda kamfanoni suka ari kalmar suka yafa wa kyamarorin dijital ba. Sensar Fujifilm GFX, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, milimita 44 da 33 ce, ba ta kai rabin 6×6 ba. Kyamarori ne masu kyau, amma tsohuwar kyamarar fim irin Yashica Mat da ke kwance a adaka ta fi su cancantar sunan.

In kyamarar da ka gada mai ido biyu ce, na sama na kallo ne, na ƙasa na ɗauka. Riƙe ta a daidai cibiya ka duba gilashin sama: dama ta koma hagu, ba lalacewa ba ce. In shata, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, ta cije, kada ka tilasta mata, kada kuma ka ɗiga mata man keken ɗinki, tsohon maiko ne ya daskare, aikin mai gyara ne. Haska tocila cikin ruwan tabarau, in ka ga abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce. Ƙurar hunturu kuma a hure ta kafin a goge, don tana karce gilashi. Ma'aunin hasken Yashica Mat 124G batirin makuri yake ci, wanda aka daina yi, sai ka auna da manhajar waya, ko in rana ta take ka sa faɗin kafar haske a f/16, gudun shata ya yi kusa da lambar ISO ta fim, wato lambar saurin kama haskensa. Fara da baƙi da fari, ya fi yafe kuskure. Ka kuma tambayi masu wankin hoto tun kafin ka sayi fim ko suna karɓar 120, domin da yawa 35 kaɗai suke wankewa, in kuma ta 620 ce ka ce su dawo maka da ƙwaryar tare da nagatif.